Camille Guérin: Likitan Dabbobin Da Ya Samo Rigakafin Tarin Fuka Daga Hantsar Saniya

Duk wanda aka haifa a asibiti a Jimeta ko cikin garin Yola, ko aka kai shi ɗakin shan magani tun yana jinjiri, in ya naɗe hannun rigarsa na hagu zai ga wani ɗan tabo a saman damtsensa. Tabon shaidar allurar BCG ce, wadda ake yi wa jarirai a Nijeriya da zarar an haife su domin kare su daga tarin fuka. Harafin farko na sunan allurar yana nufin ƙwayar cuta mai siffar sanda da Faransanci. Na biyu sunan Albert Calmette ne, likitan mutane. Na uku kuwa sunan Camille Guérin ne, likitan dabbobi, wanda ya shafe shekara 13 yana renon wata ƙwayar cuta da aka ciro daga hantsar saniya har ta yi laushi ta zama rigakafi.

A jihar da arzikinta ke tafiya da ƙafa huɗu kamar Adamawa, tarihin wannan mutum ya cancanci a san shi, domin aikin da ya fara saboda shanu da mutane tare ya isa ga mutane, amma har yau bai kai ga shanun ba.

Maraya a gidan likitan dabbobi

An haifi Jean-Marie Camille Guérin ranar 22 ga Disamba, 1872, a garin Poitiers da ke yammacin Faransa, a gidan masu ƙaramin ƙarfi. Bai kai shekara goma ba tarin fuka ya kashe mahaifinsa, a 1882. A cikin wannan shekarar ce, ranar 24 ga Maris, Bajamushen likita Robert Koch ya sanar a Berlin cewa ya gano ƙwayar da ke haddasa cutar, ranar da har yanzu duniya ke tunawa da ita a matsayin Ranar Yaƙi da Tarin Fuka. A lokacin cutar tana kashe kimanin mutum ɗaya cikin kowane bakwai da ke mutuwa a Turai, kuma babu magani.

Mahaifiyarsa ta sake aure, ta auri wani likitan dabbobi a garin Châtellerault, inda yaron ya tashi yana ganin yadda ake duba dawaki da shanu. A 1892 ya shiga makarantar koyon likitancin dabbobi ta Alfort da ke gefen birnin Paris, ya kammala a 1896. Tun yana ɗalibi ya zama mataimakin Edmond Nocard, almajirin Louis Pasteur kuma babban masanin cututtukan dabbobi na Faransa a zamanin.

A hannun Nocard ne Guérin ya koyi yadda ake gano tarin fuka a jikin saniya mai rai. Koch ya haɗa wani ruwa da ya tace daga ƙwayoyin cutar, mai suna tubakulin, ya gabatar da shi a 1890 a matsayin magani. Bai warkar da kowa ba. Amma likitocin dabbobi, musamman Bernhard Bang a Denmark da Nocard a Faransa, sun lura cewa idan aka yi wa saniya mai ɗauke da cutar allurarsa, jikinta yakan yi zafi, mai lafiya kuwa ba ta nuna komai. Da wannan gwaji aka gane cewa garke da yawa da ake gani ƙosassu cike suke da cuta, domin saniya tana iya ɗauke da tarin fuka shekara da shekaru tana kiwo tana ba da nono ba tare da ta rame ba.

Lille da muhawarar tarin shanu

A 1897 Guérin ya koma Cibiyar Pasteur ta birnin Lille a arewacin Faransa, ƙarƙashin Albert Calmette, tsohon likitan sojan ruwa wanda ya riga ya yi suna da maganin dafin maciji. Aikin farko da aka ba saurayin shi ne haɗa wannan magani da kuma rigakafin agana. Ya inganta hanyar haɗa rigakafin aganar ta amfani da zomaye, ya kuma fito da dabarar auna ƙarfinsa kafin a raba wa jama'a. A 1900 aka ɗaga shi zuwa shugaban ɗakin gwaje-gwaje, kuma daga nan shi da Calmette suka maida hankali kacokan kan tarin fuka, wanda ke cin ma'aikatan masaƙun Lille kamar wutar daji.

A daidai lokacin masana sun rabu biyu. Ba'amurke Theobald Smith ya nuna a 1898 cewa ƙwayar tarin shanu ta bambanta da ta mutane. A wani babban taro a Landan a 1901, Koch ya bayyana ra'ayinsa cewa tarin shanu ba shi da wani babban haɗari ga ɗan Adam, saboda haka ba sai an wahala da nono da nama ba. Nocard da Bang da Bature John McFadyean, dukkansu likitocin dabbobi, suka ƙi amincewa. Bincike na shekaru da hukumar da gwamnatin Birtaniya ta naɗa ta gudanar ya tabbatar da cewa su ne da gaskiya: yara suna kamuwa da tarin shanu ta hanyar ɗanyen nono, ya kama musu kaluluwar wuya da hanji da ƙashi.

Guérin ya ɗauki ɓangaren malaminsa, kuma gwaje-gwajen da shi da Calmette suka yi a kan maruƙa sun koya musu abu biyu. Na farko, cutar tana iya shiga ta baki ta bi hanji ta kai ga huhu. Na biyu, maraƙin da ya kamu da 'yar cuta kaɗan ya murmure yakan yi juriya idan aka sake sa masa ƙwayar, muddin akwai sauran ƙwayoyi masu rai a jikinsa. Suka fahimci cewa matacciyar ƙwaya ba za ta yi aiki ba. Abin da ake buƙata shi ne ƙwaya mai rai wadda aka karya lagonta.

Dankali da maɗaciyar sa

Ƙwayar da suka yi aiki da ita Nocard ne ya ware ta daga wata saniya mai tarin fuka a hantsa, kafin rasuwarsa a 1903. Mai tsananin kisa ce. Matsalar da suka fuskanta da farko ƙarama ce: ƙwayoyin sukan dunƙule wuri ɗaya, ba sa narkewa a ruwa yadda za a auna adadin da za a ba dabba. Domin warware dunƙulen sai suka riƙa shuka ƙwayar a kan yankan dankalin turawa da aka dafa cikin ruwan maɗaciyar sa da gilisarin. Ba da jimawa ba suka lura da abin da ba shi suka je nema ba: duk lokacin da aka ɗebi ƙwayar daga tsohon dankali aka mayar kan sabo, ƙarfinta na raguwa.

Daga 1908 Guérin ya ɗauki wannan aiki a wuyansa. Kowane mako uku yakan ɗebi ƙwayar daga kwalba ya dasa a sabuwa, ya rubuta lamba, ya gwada a kan ɓerayen Masar da zomaye da maruƙa. Bayan dashe kimanin 30, ƙwayar ta daina kashe maraƙi. Bai tsaya ba, domin tambayar da ke gabansu ita ce ko za ta iya komawa ga muguntarta ta asali. Calmette shi ne mai magana a taruka da rubuta wa hukumomi. Guérin shi ne mai tsayuwa a turken shanu da gaban kwalabe.

A watan Oktoba na 1914 sojojin Jamus suka mamaye Lille, suka zauna shekara huɗu. Dankali ya yi tsada, maɗaciyar sa ta yi wuyar samu domin mayanka ta koma hannun 'yan mamaya, kuma gwajin da ake yi a kan karsanai ya katse. Da dashe ɗaya ya wuce lokacinsa har ƙwayar ta mutu, da aikin shekaru ya tafi a banza. Ta hannun likitocin dabbobi na rundunar Jamus aka riƙa samun maɗaciyar, kuma dashen bai yanke ba. A 1918, shekarar da yaƙin ya ƙare, tarin fuka ya kashe matar Guérin, kamar yadda ya kashe mahaifinsa shekara 36 kafin nan.

Zuwa 1921 an yi dashe 230. Ƙwayar tana da rai, amma ba ta sa wa saniya ko doki ko biri ko ɓeran Masar cuta.

Daga maraƙi zuwa jariri

Ranar 18 ga Yuli, 1921, a asibitin Charité da ke Paris, likitocin yara Benjamin Weill-Hallé da Raymond Turpin suka ba wani jariri ƙwayar ta baki. Mahaifiyarsa ta rasu da tarin fuka jim kaɗan bayan haihuwarsa, kuma kakar da za ta rene shi ita ma tana fama da cutar. Yaron ya rayu lafiya. Daga 1924 Cibiyar Pasteur ta fara haɗa rigakafin da yawa tana rabawa, kuma a 1928 kwamitin lafiya na ƙungiyar ƙasashen duniya ta wancan zamani, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta gada, ya amince da shi.

Guérin bai saki shanu ba. Daga 1921 zuwa 1927 shi da abokan aikinsa sun riƙa yi wa maruƙa allurar a wata gona da cutar ta yi wa katutu a arewacin Faransa, suna barin su cikin garke tare da manya masu ciwo domin a ga abin da zai faru. A Afirka ta Yamma ma an gwada: a cibiyar Pasteur ta Kindia a ƙasar Gini, likitan dabbobi Wilbert ya yi wa birai rigakafin a tsakiyar shekarun 1920, wanda ke cikin gwaje-gwajen farko a kan namun daji. A 1928 Guérin ya bar Lille bayan shekara 31, ya koma Paris ya shugabanci sashen tarin fuka na Cibiyar Pasteur.

Masifar Lübeck

A farkon 1930, a garin Lübeck na Jamus, aka ba jarirai 251 rigakafin da aka haɗa a ɗakin gwajin asibitin garin daga irin da aka aiko daga Paris. Fiye da 70 suka mutu da tarin fuka. Jaridun Turai suka yi ca a kan Calmette da Guérin, masu adawa da rigakafin suka ce abin da suka daɗe suna gargaɗi ne ya faru, wato ƙwayar ta koma ga halinta.

Bincike ya nuna akasin haka. A ɗakin gwajin na Lübeck an ajiye rigakafin wuri ɗaya da wata muguwar ƙwayar tarin mutane, ita ce ta gurɓata shi. A shari'ar da aka yanke a farkon 1932, kotu ta ɗaure likitocin Jamus biyu, aka wanke BCG. Sai dai ɓacin ran ya riga ya ci Calmette, wanda ya rasu ranar 29 ga Oktoba, 1933. Guérin ya rage shi kaɗai yana kare aikin, kuma darasin da aka ɗauka daga Lübeck, cewa ba a haɗa rigakafi a ɗakin da ake ajiye ƙwayar cuta mai kisa, ya zama ƙa'ida a ko'ina.

Ya yi tsawon rai har ya ga sakamako. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, gangamin da ƙungiyoyin agaji na ƙasashen arewacin Turai da UNICEF suka gudanar tsakanin 1948 da 1951 ya yi wa mutum kusan miliyan 14 allurar. A 1948 Guérin ya shugabanci taron duniya na farko kan BCG a Paris. A 1949 ya zama shugaban Majalisar Likitocin Dabbobi ta Faransa, a 1951 kuma shugaban Majalisar Likitocin ƙasar baki ɗaya, kujerar da ba kasafai likitan dabbobi ke hawa ba. Ya rasu a Paris ranar 9 ga Yuni, 1961, yana da shekara 88. Babban asibitin Châtellerault da wata makarantar sakandare a Poitiers suna ɗauke da sunansa.

Abin da ya hana shanu cin moriya

Tun kafin rasuwarsa ƙasashe masu arziki sun juya wa rigakafin shanu baya, kuma dalilin yana cikin gwajin da ya koya a hannun Nocard. A yau ana yin gwajin ne ta hanyar tsira ruwan tubakulin a cikin fatar wuya ko gindin wutsiya, a dawo bayan awa 72 a auna kumburi. Saniyar da aka yi wa BCG ita ma tana iya kumbura, sai a kasa bambance mai rigakafi da mai cuta. Ga kuma cewa kariyar da allurar ke bayarwa ba cikakkiya ba ce. Amurka, wadda ta fara shirinta a 1917, da ƙasashen Turai da Ostareliya suka zaɓi wata hanya: a gwada garke, a yanka duk wadda ta nuna alama, a biya mai ita diyya, a kuma dafa madara kafin sayarwa. A 1959 kwamitin masana na Hukumar Lafiya ta Duniya da Hukumar Abinci da Noma ya ba da shawarar cewa rigakafi ba shi da gurbi a shirin kawar da tarin shanu. Ostareliya ta kai ga ayyana kanta a matsayin wadda ta rabu da cutar a 1997.

Wannan hanya tana buƙatar baitulmali mai nauyi, da shanun da ke zaune wuri ɗaya cikin shinge. Ta kuma ci tura a inda cutar ta sami mafaka a daji. A Birtaniya da Ailan wata dabba mai kama da dage ce ke ɗauke da ita. A New Zealand wata dabba mai hawan itace da aka shigo da ita daga Ostareliya. A Sifen aladun daji. A gandun dajin Kruger na Afirka ta Kudu kuwa an gano ta a jikin ɓauna a 1990, daga bisani ta kama zakunan da ke cin su. Da aka rasa yadda za a yi da namun daji, sai aka koma ga kwalbar Guérin. A 2010 Birtaniya ta ba da lasisin yi wa wannan dabba mai kama da dage allurar BCG, ana kama ta a tarko a yi mata a sake ta.

Matsalar gwajin ma ta fara samun mafita, daga cikin aikin Guérin kansa. A 1996 masana suka gano cewa a tsawon dashen nan 230 ƙwayar ta zubar da wani yanki na ƙwayoyin halittarta, kuma rashin wannan yanki na daga cikin abin da ya raunana ta. Idan aka haɗa ruwan gwaji da sinadaran da wannan yanki ke samarwa kaɗai, saniya mai cutar gaske za ta kumbura, mai rigakafi kuwa ba za ta kumbura ba. Birtaniya ta fara gwada wannan sabuwar hanya a gonaki a 2021. A Habasha kuma, wani bincike da aka wallafa a mujallar Science a 2024 ya nuna cewa ko da saniyar da aka yi wa BCG ta kamu, yawan yaɗa cutar da take yi ga 'yan uwanta yana raguwa ƙwarai.

Inda labarin ya shafe mu

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2016 mutum 147,000 ne suka kamu da tarin fuka daga dabbobi, 12,500 suka mutu, kuma Afirka ce ta fi ɗaukar nauyin. Duba majina a madubin likita ba ya bambance ƙwayar shanu da ta mutane, alhali ta shanun ba ta jin pyrazinamide, ɗaya daga cikin magunguna huɗu da ake fara ba mai tarin fuka.

A Nijeriya, inda Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa ke Vom tun 1924, akasari a mayanka ake ganin tarin shanu, lokacin da mai duba nama ya tsaga huhu ko kaluluwa ya tarar da ƙulli mai farin ciki kamar cuku. Kafin nan saniyar ta riga ta yi shekaru tana shan ruwa da garke, an tatse ta, wataƙila ta ratsa kasuwar Mubi ko Ngurore ko Ganye, ko ta ƙetaro daga Kamaru. A kudancin jihar kuma, shanu suna kiwo a gefen gandun dajin Gashaka-Gumti inda ɓauna ke zaune. Makiyayin da ke Yolde Kohi ko wata ruga a bakin Binuwai ba zai miƙa saniyarsa a yanka don fatar wuyanta ta kumbura ba, in babu mai biyansa diyya, kuma ba za a ga laifinsa ba: ita ce abincin 'ya'yansa da sadakin ɗansa.

Saboda haka rigakafin da ba ya buƙatar a yanka saniya ya fi dacewa da irin kiwonmu fiye da hanyar da Turai ta bi, idan gwaje-gwajen da ake yi suka tabbata kuma hukumomi suka amince. Kafin wannan rana, abin da ke hannun jama'a shi ne abin da Nocard ya yi jayayya da Koch a kansa a 1901. A tafasa madara kafin a sha ko a ɗaura kindirmo, domin tsami kaɗai ba ya tabbatar da mutuwar ƙwayar. Mahauta su bar likita ya duba huhu da hanta kafin nama ya fita kasuwa. Mai tarin da ya wuce mako biyu ya je a gwada shi, gwaji da magani kyauta ne a cibiyoyin gwamnati, kuma ya faɗa wa likita idan kiwo ko fawa ce sana'arsa. Jariri kuma a kai shi a yi masa BCG da wuri, domin ko da yake allurar ba ta cika kare manya daga tarin huhu ba, tana kare yara ƙanana daga nau'in da ke kama ƙwaƙwalwa da wanda ke bazuwa cikin jiki.

Kimanin jarirai miliyan 100 ne ake yi wa allurar kowace shekara a duniya, kuma kowace kwalba daga cikinsu jikanyar ƙwayar nan ce da Guérin ya riƙa ɗauka daga dankali zuwa dankali a Lille, wadda asalinta nonon saniya ɗaya ne mara lafiya.